Sharhin Wasannin Gem A Intanet: Kafin Matasanmu Su Tsunduma

Akwai wata sana'a da ta kunno kai a duniya cikin shekara 20 da suka gabata, wadda har yau akasarin iyaye a wannan yanki namu ba su san da zamanta ba, alhali kuwa 'ya'yansu sun san ta ciki da bai. Mutum ne zai zauna gaban kwamfuta, ko ya riƙe wayarsa ta hannu, yana buga wasan nan na bidiyo da yara ke kira gem, yana yi yana magana, yana bayyana dabarar da ta ci da wadda ta ƙi, yana raha yana ba'a, na'ura kuma tana naɗar hoton wasan da muryarsa a lokaci guda. Idan ya kammala sai ya tace abin da ya naɗa, ya ɗora a YouTube ko makamancinsa, jama'a su yi ta kallo. Wanda bai saba da abin ba zai ce ai wannan shiririta ce riɓi biyu, wani na kashe lokacinsa a wasa, wasu dubbai kuma na kashe nasu wajen kallonsa. Sai dai kafin mu yanke wannan hukunci, ya kamata mu tuna cewa gidajen kallon ƙwallo da ke cika maƙil a kowace unguwa ranakun Asabar da Lahadi, masu kallon wasan wasu ne ke cika su, kuma a cikinsu har da likitoci da lauyoyi da malaman jami'a.

Abin da ya sa na ga dacewar tattauna wannan batu shi ne, matasanmu sun fara shiga harkar, wasu kuma suna bakin shiga, kuma galibinsu ba su da mai ba su shawara. Iyaye sun kasu gida biyu: akwai masu hanawa da tsawa ba tare da sun fahimci abin da suke hanawa ba, akwai kuma masu sakin linzami saboda sun ji an ce akwai dala a ciki. A ganina duka ɓangarorin biyu sun yi kuskure. Sharhin wasan gem sana'a ce ta gaske, mai ƙa'idoji da ladubba da haɗurra irin na kowace sana'a, amma noma ne a gonar aro, kuma masu cin abinci da ita 'yan ƙalilan ne idan aka kwatanta da tarin masu gwadawa. Don haka wanda zai fara, ya fara da ɗan abin da ke hannunsa, da harshensa na gado, ba tare da ya ajiye karatu ko sana'ar da ke ciyar da shi ba.

Bari mu ɗan waiwayi tarihi, domin a san cewa abin ba tatsuniya ba ne. An kafa YouTube a 2005, kamfanin Google kuma ya saye shi a 2006 a kan dala biliyan 1.65. Ba a jima ba masu wasa suka fara ɗora bidiyon wasanninsu haɗe da sharhi. Wanda ya fi fito da wannan salo fili shi ne wani matashi ɗan ƙasar Suwidin mai suna Felix Kjellberg, wanda duniya ta fi sani da laƙabin PewDiePie. Ya buɗe tasharsa a 2010 yana ɗalibin jami'a, yana buga wasannin ban tsoro yana ihu yana barkwanci da Ingilishi. Zuwa watan Agustan 2013 babu tashar da ta kai tasa yawan mabiya a YouTube, a Agustan 2019 kuma ya cika mabiya miliyan 100. A ɗaya ɓangaren, dandalin Twitch da aka buɗe a 2011 domin watsa wasanni kai tsaye, shekara 3 kacal ya yi kamfanin Amazon ya zuba dala miliyan 970 ya saye shi. Kowa ya san 'yan kasuwa irin waɗannan ba sa zuba dukiya haka a inda babu riba.

Su ma masu ƙirƙirar wasannin sun ɗanɗana amfanin masu sharhi. Wasan Minecraft na kamfanin Mojang da ke Suwidin ya bazu a duniya ne galibi ta hanyar bidiyon masu bugawa, har Microsoft ya sayi kamfanin a 2014 a kan dala biliyan 2.5, sannan a Disambar 2021 YouTube ya sanar da cewa an kalli bidiyon da suka shafi wasan fiye da sau tiriliyan 1. Shi kuwa wasan Among Us, wanda wani ɗan ƙaramin kamfani a Amurka ya fitar a 2018, shekara 2 ya yi kusan ba a san da shi ba, sai a 2020, lokacin kullen annobar korona, da masu watsa wasa kai tsaye suka ɗauke shi, ya zama ruwan dare game duniya. Ke nan mai sharhi dillali ne tsakanin mai wasa da mai saye, kuma dillanci tsohuwar sana'a ce a wurinmu.

Tambayar farko da mai son shiga harkar ya kamata ya yi wa kansa ita ce: me mutane za su zo nema a wurina? Wasan dai kowa na iya sauke shi a wayarsa ya buga da kansa. PUBG Mobile da Call of Duty: Mobile da Free Fire da eFootball duk kyauta ake sauke su. Hajar mai sharhi ita ce bakinsa: ko dai ya koyar da abin da mai kallo bai iya ba, ko ya ba shi dariya, ko ya ba shi labari mai jan hankali, ko ya ɗebe masa kewa. Bahaushe ya daɗe da sanin darajar wannan baiwa. A filin dambe, da za a ɗauke makaɗa da maroƙa da masu kirari a bar 'yan damben su kaɗai, da rabin armashin ya tafi. Mai sharhin ƙwallo a rediyo yakan sa wanda ke ƙauye ya ga wasan da kunnensa. Masu fassara finafinan Indiya zuwa Hausa sun kafa kasuwa guda sukutum da muryoyinsu da azancinsu a kan hoton da ba su suka ɗauka ba. Hatta a gidajen gem na cikin unguwanni, ba a rasa wani yaro da ba shi ke riƙe da madannin ba, amma bakinsa ne ke tara jama'a. Irin wannan yaro ya fi gwanin wasa kusa da wannan sana'a, domin gwanin da bai iya magana ba, minti 2 ya ishi mai kallo ya gaji da shi.

Wannan ya kawo mu ga batun harshe. Da yawa daga cikin matasanmu suna ganin ba za a ɗauke su da muhimmanci ba sai sun yi sharhi da Ingilishi, suna kwaikwayon lafazin Amurkawa da ihunsu. Wanda ya bi wannan hanya ya shiga kasuwar da ta riga ta cika ta batse, zai yi gogayya da waɗanda aka haifa cikin harshen, masu wutar lantarki dare da rana da intanet mai gudun tsiya. Wanda ya riga ka barci kuwa dole ya riga ka tashi. Amma mai sharhi da Hausa fili ne fetal a gabansa, masu saurarensa kuma sun bazu daga Kano zuwa Damagaram, daga zangon Kumasi zuwa Sudan. Idan wani na shakkar ko akwai Hausawa masu kallo a YouTube, ya dubi yadda masu shirya finafinai suka koma can da shirye-shirye masu dogon zango, irin su Izzar So da aka fara a 2020. Masu kallon suna nan, abin da ya yi ƙaranci shi ne shiri mai inganci a fannonin da ba na wasan kwaikwayo da waƙa ba.

To ta ina za a fara? Babban tarkon da mafari ke faɗawa shi ne tunanin cewa sai ya mallaki kwamfuta mai tsada da kyamara da fitilu masu launi da kujera irin wadda ya gani a bidiyon Turawa. Daga nan sai a matsa wa uwa ta sayar da tunkiyarta, ko a ci bashi, a sayi kaya, bayan wata 2 zumuɗi ya kwanta, kaya su koma kasuwa a rabin kuɗi. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Yawancin wayoyin zamani suna da manhajar naɗar allo a cikinsu. Mai kwamfuta kuma yana da OBS Studio domin naɗa, da Audacity domin gyaran murya, da DaVinci Resolve domin tace hoto, kuma duk ana samun su kyauta ta halattacciyar hanya. Idan akwai abin da ya cancanci a fara kashe masa kuɗi, to makirufo ne, ko da ɗan ƙaramin nan ne da ake maƙalawa a wuyan riga, domin mai kallo yakan jure hoto mai ɗan dishi-dishi, amma ba ya jure muryar da ƙarar janareto ko kukan fanka ta danne. Ɗaki mai labule da darduma da katifa ya fi falo mai tayil kyan sauti, lokacin da unguwa ta yi tsit kuma ya fi kowane lokaci dacewa da naɗa.

Sai lissafin data, wanda shi ne harajin da mai wannan sana'a ke biya tun kafin ya ga ko sisi. Bisa ma'aunin da YouTube ke ba da shawara, bidiyon minti 10 a matakin tsabtar hoto na 1080 yakan kai kimanin megabait 600, a matakin 720 kuwa kimanin megabait 375. Mai ɗora bidiyo 3 a mako a babban matakin zai ƙona fiye da gigabait 7 a wata a kan ɗorawa kaɗai, ban da wadda wasan kansa ke ci, ga shi kuma a Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kuɗi da ya kai kashi 50 cikin 100. Tunda akasarin masu kallonmu a ƙaramin allon waya suke kallo, matakin 720 ya wadatar da mafari. Haka nan ya fi masa alheri ya fara da bidiyon da aka naɗa aka tace kafin ya yi tunanin watsawa kai tsaye, domin a ƙasar da wuta ke ɗaukewa ba sallama, sabis kuma ke sauka ya hau yadda ya ga dama, shirin kai tsaye na iya yankewa a tsakiyar magana. Bugu da ƙari, abin da aka naɗa ana iya yanke kuskuren da ke ciki, na kai tsaye kuwa ya fita ke nan.

Dangane da shirin kansa, shawarata ga mafari ita ce ya tsaya a kan wasa guda ko iri guda da ya sani sosai, har mutane su san abin da za su samu idan sun zo wurinsa. Kowane bidiyo ya kasance yana da manufa guda da za a iya faɗa cikin jimla ɗaya, misali yadda ake tsare gida idan abokin karawa ya fi ka gudu, ko yadda mai ƙaramar waya zai saita wasa don kada ya riƙa sarƙewa. Ya rubuta muhimman abubuwan da zai faɗa a takarda kafin ya danna naɗa. Ya shiga magana kai tsaye bayan gajeriyar sallama, maimakon ya kwashe minti 2 yana gaishe-gaishe da roƙon a bi tasharsa. Ya yanke duk inda ya yi shiru ko ya maimaita kansa. Ya daure ya saurari muryarsa, duk da cewa kusan kowa yakan ji kunyar muryarsa a farko. YouTube na nuna wa mai tasha daidai daƙiƙar da masu kallo suka fara watsewa a kowane bidiyo, kuma babu malamin da ya kai wannan jadawali faɗin gaskiya. Sannan ya ware ranar fitar da shiri ya riƙe ta, ko da sau ɗaya ne a mako. Kafin ya yi bidiyo 20 ko 30 bai kamata ya yanke wa kansa hukunci ba, kuma bai kamata ya ƙara sayen komai ba.

Yanzu sai batun gonar aro, wanda shi ne abin da masu zuga matasa ba su cika faɗa ba. Wannan gona masu ita uku ne, kuma babu mai sharhi a cikinsu. Na farko shi ne kamfanin da ya ƙirƙiri wasan, domin hoto da kiɗa da labarin wasan duk mallakarsa ne, kawaici kawai yake yi saboda tallar da ake masa. Ranar da ya ga dama yana iya janye kawaicin. A 2013 kamfanin Nintendo na Japan ya fara karɓe kuɗin tallar da ke kan bidiyon wasanninsa, a 2015 ya fito da tsarin raba kuɗin da masu tasha, bai janye wannan tsari ba sai a ƙarshen 2018. A 2017 kamfanin da ya yi wasan Firewatch ya sa an sauke bidiyon PewDiePie kansa, duk da girman tasharsa. A Satumban 2023 kuwa wata kotu a birnin Sendai na Japan ta yanke wa wani mutum ɗaurin shekara 2 da aka jingine, da tarar yen miliyan 1, saboda ɗora bidiyon wani wasa da na finafinan zane ba da izini ba. Don haka wajibi ne a karanta sharuɗɗan da kamfanin kowane wasa ya gindaya, a kuma kashe waƙoƙin da ke cikin wasannin ƙwallo da na tsere, domin waƙoƙin na wasu ne daban, kuma na'urar YouTube na gano su da kanta. Tashar da aka yi wa gargaɗin keta haƙƙin mallaka sau 3 cikin kwana 90 ana iya rufe ta ɗungurungum, wahalar shekaru ta tafi a banza.

Mai gona na biyu shi ne dandalin da ake ɗora bidiyon. Shi ke kafa doka, shi ke sauya ta, kuma shi kansa yana iya rushewa. Microsoft ya ɗauko shahararren mai watsa wasa, Ninja, zuwa dandalinsa na Mixer a Agustan 2019, amma a Yulin 2020 ya rufe dandalin baki ɗaya. Twitch ya tattara ya bar Koriya ta Kudu a Fabrairun 2024 saboda tsadar kuɗin sadarwa, ya bar masu tasha a can suna neman mafaka. Mu ma nan gida mun ga yadda gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, masu kasuwanci ta wannan kafa suka wayi gari shagonsu a garƙame. Darasin a nan shi ne mai tasha ya adana kwafin aikinsa a wajensa, kuma kada ya jingina da bango ɗaya.

Mai gona na uku shi ne mai ba da talla, wanda daga aljihunsa kuɗin ke fitowa. A nan ne ya kamata a yi lissafi da idon basira, domin hangen Dala ba shiga birni ba ne. Tun Janairun 2018 YouTube ya shar'anta cewa kafin tasha ta fara samun kason talla, sai ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Awa 4,000 daidai yake da minti 240,000. Idan kowane mai kallo yana tsayawa minti 4, ana bukatar kallo 60,000 ke nan kafin a isa bakin ƙofa. Bayan an shiga, kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallar dogon bidiyo ne na mai tasha, ba a kuma biyansa sai kuɗin sun taru sun kai dala 100. Farashin talla ya danganta da ƙasar da mai kallo yake, kuma abin da ake biya a kan mai kallo a Nijeriya ko Nijar bai kama ƙafar na Amurka ko Ingila ba. Ɗan abin da aka samu daga masu kallo na Amurka ma, tun 2021 ake cire masa harajin can, wanda ke kai wa kashi 30 cikin 100 ga ɗan Nijeriya, saboda babu yarjejeniyar haraji tsakanin ƙasashen biyu.

Wani zai ce, to ashe ke nan shawarar yin sharhi da Hausa shawarar talauci ce. Ƙorafin yana da tushe, amma bai cika ba. Kason talla mai tsoka a kan masu kallon da ba su zo ba, sifili ne. Mai sharhi da Hausa da ya tara 'yan dubban mabiya masu aminci yana da abin da mai sayar da waya a kasuwar Farm Centre ta Kano, da mai gidan gem, da mai shirya gasa a unguwa za su biya kuɗi su samu. Sannan ƙwarewar da ya koya ta tace bidiyo da gyaran sauti da tsara magana da karanta alƙaluma, jari ce da gidajen rediyo da talabijin da masu finafinai da kamfanonin talla ke nema. Ko tashar ba ta yi nasara ba, wannan ba ya ɓacewa. Abin da ba zan goyi baya ba shi ne yaro ya bar makaranta yana kafa hujja da cewa PewDiePie ma ya bar jami'a a 2011. Ana jin labarinsa ne saboda ya dace, dubban da suka yi irin kasadarsa suka tashi a tutar babu kuwa ba wanda ya san sunayensu.

Akwai kuma haɗurran da suka wuce na kuɗi. Na farko shi ne bakin nan da muka ce shi ne jari, domin shi ne kuma ke yanka wuya. A Fabrairun 2017 wani reshen kamfanin Disney ya raba gari da PewDiePie saboda barkwancin da ya taɓa Yahudawa, a Satumban shekarar kuma ya furta kalmar cin zarafin baƙar fata yana tsakiyar wasa kai tsaye, wanda shi ne musabbabin sauke bidiyon Firewatch da na ambata. Wasa yakan ɗauke hankali, a ci mutum ya fusata, ashar ta kuɓuce. A wurinmu kuwa sakamakon ya fi haka kusa: a Nuwamban 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa wasu matasa 2 masu barkwanci a TikTok hukuncin bulala 20 kowannensu da tara, bisa laifin ɓata sunan gwamnan jihar na lokacin. Ko mutum ya yarda da wannan hukunci ko bai yarda ba, ya san cewa magana zarar bunu ce, kuma intanet ba ta mantuwa. Ba'ar ƙabila da ta addini da zagin iyaye ba su da gurbi a bakin mai son ya daɗe a wannan sana'a.

Haɗari na biyu shi ne caca da tallar ɓoye. Da zarar tasha ta fara tashe, cikin waɗanda za su fara ƙwanƙwasa ƙofa akwai kamfanonin caca da masu alkawarin ninka kuɗi, domin sun san yara ne ke kallo. A 2016 aka bankaɗo wasu shahararrun masu tasha 2, ɗan Amurka da ɗan Ingila, suna tallata wani shafin caca na kayan wasan Counter-Strike suna nuna kamar sa'a suke ci, ashe su ne masu shafin, har sai da hukumar kare masu saye ta Amurka ta shiga maganar. Twitch kansa sai da ya haramta watsa wasu shafukan caca a Oktoban 2022. Mai tasha da ya karɓi kuɗi ya tura ƙannen mutane wurin caca ya ci amanar da aka ba shi. Duk tallar da aka biya shi ya yi kuma, ya faɗa ƙarara cewa talla ce.

Na uku shi ne lafiya da tsaro. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar wasan gem cikin kundinta na cututtuka, wanda ya fara aiki a Janairun 2022. Alamominta su ne mutum ya kasa sarrafa lokacin wasansa, ya fifita shi a kan sauran al'amuran rayuwa, ya kuma ci gaba duk da ɓarnar da yake gani, galibi na tsawon wata 12. Kalmar "aiki nake yi" na iya zama mayafin da mai wannan jaraba zai lulluɓa da shi. Ma'auni mai sauƙi shi ne a duba abin da ya fito: wanda ya kwana yana wasa har mako ya zagayo babu bidiyo ko ɗaya da ya tace, wasa yake yi. Ta fuskar tsaro kuwa, a wannan zamani na garkuwa da mutane, ganganci ne a nuna ƙofar gida ko kayan makaranta ko lambar mota, ko a riƙa baje kolin abin da aka samu. Wani alherin wannan sana'a shi ne ana iya yin ta da murya kaɗai ba tare da nuna fuska ba, abin da ya sa 'yan mata masu sha'awa ma za su iya shiga cikin mutunci da rufin asiri.

Daga ƙarshe, kirana ga iyaye da yayye, musamman mu da muka yi boko muke taƙama da sanin zamani, shi ne mu zauna mu kalli abin da yaran nan ke kallo da abin da suke ɗorawa. Dokar YouTube ba ta yarda wanda bai kai shekara 13 ba ya buɗe tasha da kansa, asusun karɓar kuɗi kuma sai mai shekara 18, don haka yaro ƙarami ba zai yi wannan harka bisa ƙa'ida ba sai da hannun babba. Wasannin ma suna da alamar shekaru a jikinsu, Grand Theft Auto V misali na 'yan shekara 18 ne zuwa sama. A yi yarjejeniya da yaro: ga awannin da aka ware, ga sakamakon jarrabawar da ba a yarda ya sauka ba, ga wata 6 na gwaji, sannan a zauna a duba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wanda aka kora da tsawa kuwa ɓuya zai yi ya ci gaba a inda ba mai ganinsa.

Haka nan sassan koyar da aikin jarida da na harshen Hausa a jami'o'inmu na Kano da Zariya da Sakkwato suna da rawar takawa. Wannan fage na bukatar kalmomi, kuma idan masana ba su taimaka an ƙirƙiro su ba, yaran za su cike gurbin da gwamutsen da ba Hausa ba ba Ingilishi ba. Harshen da ba ya shiga inda matasa ke hira da wasa, sannu a hankali yakan koma harshen tsofaffi. Kiɗa ya riga ya sauya, kuma yaranmu za su taka rawar ko da mu ko babu mu. Abin da ya rage mana shi ne mu tabbatar sun shiga da ido biyu, da harshensu, da mutuncinsu, da kuma takardar makarantarsu a hannu.